Gurbi na Biyu a Fom ɗin Bitrus

Akwai wata Talata da har yau ban iya mantawa da ita ba, ranar da Bitrus ya ajiye motarsa a ƙofar ɗakin taronmu a Kontagora. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aikin haraji kwanan nan, domin ya fi kyau ku ji shi daga bakina kafin wani ya ƙara masa gishiri.

Lokacin sabbin ƙa'idoji sun fito cewa mai sana'ar kansa ma, in kuɗi na shigo masa ta waya ko ta intanet, sai ya yi rajista ya bayyana abin da ya samu a shekara. Shugabar ofishinmu, Hajiya Rabi, ta ɗora mini aikin wayar da kan masu sana'ar fasaha: mawaƙa, masu ɗaukar hoto, masu lalle, da masu barkwancin nan da ake kallo a waya. Ina mataki na goma sha biyu na albashi, gashina ya fara fari, kuma babur nake hawa.

Bitrus ɗan Dukku ne, ajinmu ɗaya a sakandare. A wancan zamanin ni ne mawaƙin makaranta, shi kuwa yana cikin 'yan amshina, can gefen hagu. Mahaifina ya ce ɗansa ba zai zama maroƙi ba, sai na bi aikin gwamnati. Bitrus ya ɗauki gurmi ya ci gaba, yana haɗa Hausa da Dukanci. Waƙar da ta ɗaga shi har ake saurarenta a ƙasashen waje, ni na tsara ta muna aji huɗu, a bayan littafin lissafi. A lokacin ban taɓa faɗa wa kowa a ofis ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk ranar da na je Kaboji gaida Inna, sai ta ce, "Abokin nan naka ɗan albarka ne." Ni da ta haifa ban cika samun wannan yabon ba.

Da Bitrus ya shigo ɗakin taron a zaman farko, mutane suka bar kujerunsu suka yi kansa. Hajiya Rabi, wadda ba ta taɓa yi mini murmushin da ya kai minti ɗaya ba, ta miƙo mini wayarta in ɗauke su hoto. Na ɗauka, kuma da gangan na yanke masa saman hula.

"Malam Haraji!" in ji shi, ya rungume ni. "Ashe kai za ka yanka mu yau."

"Ba yanka ba ne, aski ne," na ce. Kowa ya yi dariya, ni ma na buɗe haƙora.

Mutanen a tsorace suka zo. Wata mai lalle, Maman Zainab, ta tashi ta faɗi abin da ke zuciyar kowa: "Bitrus ya fara cikewa. In ya fita lafiya, mu ma za mu cike."

Fom ɗin gurbi uku ne. Na farko, duk abin da ya shigo hannunka ta sana'a. Na biyu, abin da ba naka ba ne a ciki, da abin da aikin kansa ya ci. Na uku, abin da ya rage, kuma a kansa ake yanka haraji. Bitrus ya zo da takardar banki. Ya kwafi jimlar da ke ƙasa ya zuba a gurbin farko, ya tsallake na biyu, ya sake zuba ta a na uku, ya miƙo mini.

Na karanta adadin. Na tuna babur ɗina da ke jingine a waje da igiya a maɗaurin fitila. Kuma ko duk ofishin bai sani ba, ni na san mawaƙi ba ya cin liƙi shi kaɗai. Aikina a wannan minti shi ne in sa yatsa a gurbi na biyu in tambaye shi. Na kalli gurbin, na kalle shi, na yi shiru, na buga hatimi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi.

Bayan mako biyu takardar ƙiyasi ta same shi, kuma labari ya zaga gari kafin la'asar. Aka ce harajin Bitrus sai ya sayar da mota da lasifikokinsa. Masu hoto suka daina karɓar kuɗi ta waya. Zama na biyu da muka shirya, ni da kujeru muka yi shi.

Hajiya Rabi ta kira ni ofishinta, fayil ɗin Bitrus a buɗe a gabanta.

"Malam Sani, mawaƙin da ke yawo da mutum goma, gurbinsa na biyu fayau? Ka tambaye shi?"

"Ranki ya daɗe, abin da ya rubuta ke nan."

"Ban ce me ya rubuta ba. Ran Litinin fayil zai tafi hedkwata a Minna. In ya tafi a haka, gyaransa sai an yi watanni. Ka je ka gano da idonka."

Ranar Asabar na hau babur zuwa Dukku, inda yake wasa a wani biki. Da hantsi na isa. An rataye ƙyalle a jikin mangwaro ɗauke da lambar asusunsa, domin yanzu liƙin ma ta waya ake yi. Ya yi waƙata sau biyu. Tsofaffin mata suna rawa, wayarsa tana ta ƙara a aljihu, ni kuma ina tsaye a bayan taro ina ƙirga wuraren da numfashinsa ya gaza.

Da aka tashi, ya zauna a tabarma da mutanensa, ya kira ni. A gabana ya fara rabo. Ya tura wa makaɗa, da mata 'yan amshi, da mai janareto. Ya mayar wa uwar amarya kasonta, domin a tsarinsa liƙin da aka yi don amarya ba ya tafiya da shi duka. Na fito da sabon fom ina rubutawa. Kada ku ɗauka talaka na tarar. Bayan an cire komai, abin da ya rage masa ya fi albashina nesa ba kusa ba, kuma hakan bai yi mini daɗi ba.

Na ce, "Bitrus, duk wannan me ya hana ka sa shi a gurbi na biyu?"

"Ai na ga ka duba wurin ka yi shiru," ya ce. "Na ce Sani ya fi ni karatu, kuma ba zai cuce ni ba."

Na sunkuyar da kai kamar mai neman biro. Na ce, "Saura wa?"

"Saura kason mai waƙa."

"Wane mai waƙa?"

"Kai mana. Na san in na kawo maka ba za ka karɓa ba, girman kanka tun muna aji ɗaya na san shi. Inna nake aika wa a Kaboji, na roƙe ta kada ta faɗa maka. Ka rubuta, ai ba nawa ba ne."

Ban rubuta ba. Ƙa'idar aikinmu ta ce jami'in da ke da ruwa a cikin fayil ba ya taɓa shi. Ranar Litinin da safe na ajiye fom ɗin a teburin Hajiya Rabi, na faɗa mata komai, har da shirun da na yi da dalilinsa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ba wani jami'i ya ƙarasa, ni kuma ta rubuta mini takardar gargaɗi wadda har yanzu tana cikin fayil ɗina. Aka gyara ƙiyasin, Bitrus ya biya abin da ya dace, motarsa na nan. Zama na uku, Maman Zainab ce ta fara miƙo fom.

Abin da na koya shi ne mutanen nan ba doka suke karantawa ba, fuskar jami'i suke karantawa. In ka yi shiru, sun ɗauka ka ce daidai ne. Don haka duk wanda ya zauna a gabanku, ku sa yatsa a gurbi na biyu ku tambaye shi, musamman in kun ji adadin gurbin farko ya tsaya muku a wuya.

Kishin kuwa bai bar ni ba, ƙaryar me zan yi muku. Ko jiya a wurin mai shayi an sa waƙar, kowa yana kaɗa kai. Na biya kuɗin shayina na tashi, ina cewa a raina baiti na uku ba haka na yi shi ba.