Seu Onofre da Sifirin Mai Jan Farce

Ƙarfe biyar da rabi na safe Seu Onofre yake ɗaga ƙofar garejinsa a garinmu na Betim; Seu ɗin nan a wajenmu kamar a ce Malam ne. Ba ya taɓa sukundireba sai ya sha baƙin kofi, ya ci burodin cuku biyu da matarsa Dona Zilá take ajiye masa. Shekara ashirin ya yi yana gyaran keken ɗinki, har mata suka daina ɗinki a gida. Daga nan ya koma buɗe cikin bindigogin wasanmu, masu baki mai launin ruwan lemo, masu harba ƙwayar roba. Yau shekara goma sha bakwai ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Duk ƙarfin bindigar nan yana jikin sifirin guda ɗaya da bai wuce tsawon biro ba. In ya yi laushi, ƙwaya ta faɗi a gabanka, a yi maka dariya. In ya yi tauri, ka cire wa ɗan'uwanka haƙori. A filinmu, tsohuwar masana'antar bulo da ke bayan gari, akwai akwatin awo a bakin ƙofa: ka harba ta cikinsa, ya nuna lamba. Mai shiga ɗakuna ba ya wuce ɗari huɗu. Mai harbi daga nesa an yarje masa ɗari biyar, amma da sharaɗin ba zai harbi wanda ke kusa da shi ƙasa da taku talatin ba. In bindiga ta ci awo, sai a ɗaura mata koren zare.

Kowa ya san abin da yake gaya wa masu zuwa a ɓoye su ce a ƙara musu ƙarfi.

"Zan ƙara maka," yake cewa, ko kai ba ya ɗagawa. "Amma in na gama za ka tuɓe riga, ka yi taku biyar, in ba ka uku a gadon baya. In har kana so bayan nan, ɗauki abinka."

Mutum ɗaya ne ya taɓa tuɓe rigar. Ta farko kawai ya sha ya ce, "Kawu, mayar da na da."

Sifirin ba shi da suna a jikinsa da zarar an yar da ledar. Don haka Seu Onofre yake ɗiga wa bakin kowanne jan farcen Dona Zilá: kore ga mai laushi, ja ga mai tauri. A makon da zan ba ku labari, koren ya ƙare, ya ɗauko ruwan hoda. Bai gaya wa kowa ba cewa yanar ido ta fara rufe masa na dama.

Bindiga biyu ne a kan teburinsa a makon. Doguwa ta wani likitan haƙori mai harbi daga nesa, da gajeriya ta Jucimara, mai gyaran gashin nan da ba wanda ya fi ta saurin kutsawa ɗaki. Ranar Lahadi aka yi babban wasa, mutum kusan ɗari da tamanin, layin awo ya kai har bakin titi. Adenor, alƙalin wasa, yana zufa yana ɗaura zare. Da Jucimara ta miƙo tata, ya tambaya, "Hannun wa?"

"Na Seu Onofre. Jiya na karɓa."

"To me za a auna? Wuce, uwar gayya."

Ya ɗaura mata kore. Haka muka saba, mu duka. Abin da ya fito daga garejin nan ba a aunawa.

Bayan an busa usur da kamar minti goma, sai ga likitan haƙori a rumfar gyaran da Seu Onofre yake kafawa a bakin fili. Ya makara, kuma ransa a ɓace.

"Seu Onofre, me ka sa mini a ciki? Tsakani da Allah, ko kuda wannan ba za ta kora ba."

Tsohon ya karɓa ya harba ta cikin akwati. Ɗari uku da tamanin. Ya sake. Ɗari uku da tamanin da biyu. Ya juya bayan bindigar, ya zaro sifirin, ya fito rana ya kai shi har hancinsa. Ruwan hoda.

Sifirin biyu kawai ya taɓa a makon. In ruwan hoda yana nan, ja yana hannun Jucimara. Jucimara kuwa ɓangarenta aka ba aikin ƙwace murhun gasa bulo, ɗakin da ba ya ɗaukar taku goma daga bango zuwa bango. Kuma ya san wanda ke tsaron murhun, don da safe ya ji ana tsokanarsa: Nivaldo direban bas, mai 'ya'ya uku, wanda har yau da tabarau mai araha na 'yan tebur yake kare idonsa a wasa.

"Na masu walda ne ko na masu iyo, Nivaldo?"

"Na gādo ne, 'yan baƙin ciki. Shekara uku ko tsagewa bai yi ba."

Bai tsage ba don shekara uku ba wanda ya harbe shi da abin da ya wuce ɗari huɗu. Direba kuwa da ido yake cin abinci.

Wayoyi duk suna cikin motoci. Adenor da usur ɗinsa suna can ƙarshen fili. Likitan haƙori ya ce daga baya bai taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya ce ya gaya masa, "Bari dai a tashi hutu, sai ka karɓi ta Jucimara a hankali ka canja. Wa zai sani?" Ya ce tsohon ko kallonsa bai yi ba. Seu Onofre ya sa nasa tabarau, ya ja ragar da ta kewaye filin ya shiga.

Shekararsa sittin da shida, gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa. Daga raga zuwa murhu tafiya ce mai kyau, ta cikin ciyawa da karyayyen bulo. A wasanmu in ƙwaya ta same ka, sai ka ce "Na mutu!" ka ɗaga jan ƙyalle. In kuwa abin ba na wasa ba ne, kalma ɗaya ake faɗa, kuma duk wanda ya ji dole ya maimaita ya ajiye bindiga.

"Gaske!" ya ce. "Gaske!"

Muryar ba ta je ko'ina ba. Bindiga ɗari da wani abu suna ta tatata. Wasu daga cikin ciyawa suka ga motsi suka buɗe masa wuta, ya sha a cinya da kafaɗa.

"Kawu, ai ka mutu tuni! Fita mana!"

"Gaske, ɗan banza! Faɗa musu!"

Wancan ya ɗauka, na gaba ya ɗauka, kalmar ta fara tafiya baki zuwa baki, amma ta bi ta gefen dama, wajen tsohuwar rijiya. Cikin ginin ba a ji ba. Seu Onofre ya tsaya ya kasa kunne. Shi da ya yi shekara ashirin yana gane ciwon keke daga ƙararsa, ya tsinto ƙarar da yake nema cikin hayaniyar nan: inji guda yana nishi kafin kowane harbi, yana jan abin da ya fi ƙarfinsa. Daga bayan rumfar shanya bulo take fitowa, kuma tana matsawa wajen murhu.

Ya bar hanya ya yanke ta kan tarin bulo. Ya faɗi sau ɗaya, tafin hannunsa ya yage. Ya tashi. Da ya zagayo kwanar ginin, Jucimara tana manne da bango, taku biyu ya rage mata ta leƙa ƙofar. A ciki yana jin Nivaldo yana cika baki.

"Ku shigo mana! Na dafa muku kofi!"

Ba lokacin magana. Ya jefa kansa cikin ƙofar, daidai lokacin da ta juyo tana matsa kunamar bindiga. Uku ta saki. Biyu suka same shi a ƙirji, ɗaya ta shige fatar wuyansa ta zauna.

"Wayyo Allah, Kawu! Me kake yi a nan?"

"Cire batirin bindigar, 'yata," ya ce, yana riƙe da wuya, jini yana bin yatsunsa. "Cire shi tukuna."

Nivaldo yana durƙushe a bayansa, fuskarsa daidai tsayin ƙirjin tsohon.

Aka tsayar da wasa. Mutane suka taru a bakin akwatin awo suna gunaguni, har wani ya fara cewa ai matar nan ta canja sifirin bayan an ɗaura mata zare, a kore ta. Jucimara tana kuka tana rantsuwa. Da Seu Onofre ya yi shiru na minti ɗaya, da sunanta ne ya ɓaci, nasa yana nan fes.

"Ku rufe mini baki," ya ce. "Ni na sa shi. Idona bai raba ja da ruwan hoda ba. Adenor, auna."

Ɗari huɗu da casa'in da shida.

Ya karɓi tabarau ɗin Nivaldo ya rataya a jikin gungume, ya ƙirga taku biyar, ya harba sau ɗaya. Gilashin hagu ya tarwatse. Nivaldo ya zauna a ƙasa inda yake. Ranar ba wanda ya sake tsokanarsa.

Seu Onofre, kai ne ka gyara mana dubban bindigogi ba wanda ya taɓa juyowa ya ce sannu. Kai ne mai kunnen da inji ba ya yi wa ƙarya. Amma ba don waɗannan nake jinjina maka ba. Kuskure ɗaya ka yi a shekara goma sha bakwai, kana da hanyar binne shi, ka ɗauko shi da kanka ka ajiye a gaban mutum ɗari da tamanin. Kuma ina faɗa a fili, rabin laifin namu ne. Mun ɗora maka yardar da ba a ɗora wa ɗan Adam, don ƙiwar tsayawa a layi.

An yi masa aikin ido a watan jiya, yana gani tar. Mun roƙe shi ya zauna, ya ƙi. Ya ce hannu ma yana nan tafe da nasa ciwon, ba zai jira ba. Zai bar wa Jucimara kayan aikinsa, ita da ta yi wata shida tana rufe shago da wuri don ta koya. Gaskiya hankalina bai kwanta ba tukuna, don kunne irin nasa ba a miƙa shi da akwatin kaya.

Mun gode, Seu Onofre. Nivaldo ya ce in gaya maka har yanzu da ido biyu yake tuƙa bas ɗin safe.

Ku kuma masu gyara, na Betim da na ko'ina, in kun yi kuskure ku riga kowa faɗa. Masu wasa, ku tsaya a layi. Lahadin da ta wuce na ga tsohon da kansa a can baya, cikin rana, riƙe da tsohuwar bindigarsa. Adenor ya yafito shi ya wuce gaba. Ya girgiza kai, ya jira har aka zo kansa, ya ɗora ta a kan tebur.

"Hannun wa?" in ji Adenor, yana dariya.

"Nawa," ya ce. "Auna sau biyu."