Amyar Yayana da Ta Rasa Uwa

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka shigo kowa ya nufi birni, yayana ya tafi Kaduna aikin gini. Ya bar mini amanar amyoyinsa na zuma a kan ɗorawar bayan gidanmu, kusa da Yankara. Ni kuwa mutum ne da ko akuya ta yi tari sai na kasa cin tuwo.

Ana nan sai na lura ɗaya ta canza. Kukan ƙudan ya zama kamar na masu makoki, kuma ba su dawowa da garin fure a ƙafafunsu. Na kunna busasshen kashin shanu na yi hayaƙi, na buɗe murfin. Ga zuma, amma babu ƙwai ko ɗaya a cikin saƙar. Me zan gaya wa yaya?

Na hau keke sai Tafoki, wajen wani dattijo abokin mahaifinmu mai kiwon zuma. Ina haki na zayyana masa komai.

"Uwarsu ta mutu," in ji shi. "Yanko saƙa mai ƙwai daga amya mai lafiya, ka ɗaure musu da kaba a ciki. Su za su yi wa kansu sabuwa."

"Shi ke nan, Baba?"

"Saura mai wuyar. Kada ka sake buɗewa sai wata ya zagayo. Na san halinka, ɗan nema!"

Na yi yadda ya ce, na sha harbi har idona ɗaya ya rufe. Amma jiran nan ya fi harbin ciwo. Kullum ina gindin ɗorawa, kai a sama. Mahaifiyata takan leƙo ta katanga ta ce, "Unguwarzoma, an sauka ne?" Sau biyu ina jingina tsani, sau biyu ina mayar da shi.

Wata safiya na ga ƙuda ɗaya ya sauka bakin amyar, ƙafafunsa rawaya jingim da garin fure. Sai wani, sai wani! Duk da haka na danne zuciyata har wata ya cika. Ranar da na buɗe, sai ga ƙwai farare ƙanana jere reras a cikin ramukan saƙar. Ban san lokacin da na dire daga tsanin ba, ina ihu, "Inna, sun yi uwa! Wallahi sun yi uwa!" Har maƙwabta suka fito da sanduna, sun zaci maciji ne.

Da yaya ya zo hutun Sallah na ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba. Ya yi dariya ya ce amyar ta zama tawa.

Har yau ban daina damuwa ba, jikokina shaida ne. Amma in hannuna ya kai ga murfin abin da ba a gama ba, nakan tsaya, in koma in zauna a inuwa.