Orval Pruitt, Mai Dawakin Kwarin Toka

Haihuwa da Tasowa

An haifi Orval Pruitt a shekarar 1934 a ƙauyen Kwarin Toka da ke arewacin jihar Nevada. Mahaifinsa Emmett maharbin dawakin daji ne, mahaifiyarsa Dessie kuma mai dafa wa makiyaya abinci. Ya yi firamare a makarantar ƙauyen mai aji ɗaya, daga nan ya bi mahaifinsa sana'a, suna koro dawaki da mota suna sayar wa masu abincin karnuka. A 1953 ya ajiye wannan aiki, bayan ya ga wani ɗan doki ya bi motarsu mil huɗu yana neman uwarsa har ya faɗi.

Aure da Aiki

A 1958 ya auri Lorna Ybarra, Allah ya ba su 'ya'ya uku. Ya yi kiwon shanun wasu har zuwa 1974, lokacin da hukumar kula da filayen gwamnati ta ɗauke shi aiki saboda sanin da ya yi wa jejin. Aikinsa shi ne ƙidayar garkunan dawakin daji, da rage su idan sun fi ƙarfin ciyawa da ruwa, da nema wa waɗanda aka kama masu riƙo. Masu shanu suna zarginsa da sassauci, masu rajin kare dabbobi kuma suna kiransa mahauci.

Shekarar Fari

A 1988 ruwan kwarin ya ƙafe, saura idon ruwa ɗaya ga dawaki kusan ɗari uku. Orval ya yanke shawarar kwashe su, sai ya tarar da 'yarsa Wanda, wadda ta dawo daga jami'a, a gaban masu zanga-zanga sun tare ƙofar shingen da ake tara dawakin.

«Baba, ashe aikin Kaka ka koma, hula kawai ka sake?» in ji ta.

«Ke dai shigo mota mu je ki gani da idonki,» in ji shi.

Ta ƙi shiga. Shi kuwa, don gudun a kama 'yarsa, ya ɗage aikin mako biyu da fatan ruwa zai sauko, bai kuwa sauko ba. Ranar da ya koma ya tarar da gawar dawaki arba'in da ɗaya a bakin taɓo, ya rubuta a rahotonsa cewa jinkirin daga gare shi ne shi kaɗai. Wanda ta karanta rahoton, washegari ta iso kwarin da tankar ruwa ta aro, suka yi kwana goma sha tara suna shayar da sauran kafin a kwashe su. Ba a taɓa jin ɗayansu ya sake tayar da wannan magana ba.

Bayan Ritaya

Ya ajiye aiki a 1996, shi da Wanda suka buɗe gonar horar da dawakin da aka kama. Ba ya ba da doki sai ya je ya ga inda zai kwana, kuma sau uku yana komawa ya karɓe abinsa. Lorna ta rasu a 2009. Ya ci gaba da shiga shinge har sai da gwiwoyinsa suka gaza, daga nan ya riƙa zama kan kujera a tsakiyar filin don sababbin kamu su saba da mutum.

Rasuwa

Ya rasu ranar 6 ga Oktoba, 2017, yana da shekara tamanin da uku, aka binne shi a maƙabartar Kwarin Toka. A lokacin akwai tsofaffin dawaki tara a gonar waɗanda kowa ya ƙi. Kafin masu jana'iza su watse, wasunsu sun ɗauki bakwai don su riƙe.

Ya bar 'ya'ya uku: Dale, makanikin injinan noma, Celia, ma'aikaciyar jinya, da Wanda, wadda ta ce sauran dawakin biyu ba na bayarwa ba ne.