Ranar da Allura ta Haye Jan Layi

Wautata ita ce na ɗauki akwatin rediyo kamar jaki: in ka ƙara masa dusa, ya ƙara kuka. Da wannan ilimi nawa na shiga aikin lantarki a Gusau ina ɗan shekara goma sha biyar.

Babanmu yana da motocin ɗaukar gyaɗa. Da wani Balarabe mai kanti zai bar gari, Baba ya sayi ƙaramin injin wutarsa da akwatin rediyo mai katakon da ya fi ƙofar gidanmu sheƙi. Aka kafa injin a bayan gida, aka ja waya zuwa zaure, aka rataya ƙwan lantarki guda. Wani mai gyaran wuta ne ya haɗa. Kafin ya tafi ya nuna mana wani abu kamar agogo a jikin injin, mai allura ɗaya, ya zana jan layi biyu kusa da juna a kan gilashin. Ya ce akwatin nan wuta ɗari biyu da talatin yake ci. In ta ɗan ragu ko ta ɗan ƙaru zai jure, muddin allura tana tsakanin layukan. In ta faɗi ƙasa murya za ta shaƙe. In ta haye sama, ya ce, kada ma a aiko a kira shi.

Baba ya dube ni ya ce, "Kai ka faye rawar kai, to ga aiki. Allura taka ce. Ran da akwatin ga ya lalace, Kucheri za ka, wurin kawunka, ka yi damina da fartanya."

Na san gonar kawuna. In ka shiga kunya da safe, sai gemu ya fito maka kafin ka kai ƙarshenta. Don haka na riƙe allura da gaske. Ko ƙuda ya sauka a gilashin sai na tambaye shi dalili.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, yayan Baba ya zo daga Nahuce ta wajen Bunguɗu, musamman don ya ji akwati mai magana. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, har in aka yi tsawa yakan ce wa ke sallama. Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo fura, aka tayar da inji. Da rana muryar ba ta fita sosai. Baba ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe.

Tsoho ya kara kunne, ya ce, "Wanga abu raɗa shika yi? Ko ni ne ba a so in ji?"

A gidanmu ba a ba baƙo rabin ƙwarya, balle yayan maigida. Ni kuwa na ga kunyar ta ishe mu, na zaga baya da gudu. Direban Baba yana zaune gindin inji yana cin rogo.

Na ce, "Maigida, a ƙara mashi wuta, Baba babba bai ji."

Ya ce, "Kai da aka ce ka tsare allura?"

Na ce, "Kaɗan dai. In kun zo hawan Kwatarkwashi da lodi, mi kuke yi?"

Ya lashe yatsa ya ce, "Taka ta muke, yaro."

Shi duk inji a wurinsa mota ce. Ya kama wani ƙarfe da ke hana injin wuce gudunsa, ya ja shi, ya riƙe. Inji ya canza murya, kaji suka watse. Allura ta haye jan layi ko waiwaye ba ta yi ba.

Na koma zaure don in karɓi yabo. Ƙwan lantarki ya yi fari fat, har ina ganin zaren rigar kowa. Akwatin bai ƙara murya yadda na zata ba, wani gurnani ya kama yi. Sai ƙwan ya yi tas ya mutu, hayaƙi siriri ya fito ta bayan akwatin, zaure ya cika da ƙauri.

Tsoho ya shaƙi iska ya ce, "To, ban ji shi ba, amma na sansana shi."

Mutane suka fashe da dariya, ban da Baba. Bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya tambaya wa ya bar allura, na ce ni ne, direba kuma ya ce shi bin umarnin mai allura ya yi.

Mai gyara ya zo duk da abin da ya faɗa. Ya buɗe bayan akwatin ya nuna mana ƙananan kwalabe na ciki da wani dunƙulen waya da ya ƙone. Ya ce sai an aika Kano a nemo wasu.

Kafin kayan su iso ruwa ya sauka. Motar Baba mai zuwa Tsafe ta sauke ni a bakin hanya da ƙunshin tufafina, kawuna yana jira da fartanya sabuwa. Damina ɗaya na yi a Kucheri. Da na dawo da kaka an gyara akwatin, an ɗaure ƙarfen injin da waya, allurar kuma an ba ƙanena.