Gadar da Aminin Alhaji Ya Turo

Akwai wata Alhamis da ba ta fita raina a wannan aiki. Saura 'yan kwanaki a kama azumi, ina cikin shekarata ta biyu a ofishinmu na Ƙofar Sauri. Ku da kuka shigo bana kun tarar da ni a kujera mai juyawa, amma lokacin ni ce ƙaramar jami'a: ni ke tura kuɗi, Malam Nasiru manaja ke ba da izini. Ranar kuwa ya tafi suna Daura, ya bar mini ofis.

Ga wanda bai san sana'ar ba, muna taimaka wa 'yan kasuwa ne su biya abokan cinikinsu na waje da kuɗin intanet da ake kira kirifto. Kuɗin nan ba kan netwok ɗaya suke zaune ba. Netwok ɗin kamar garuruwa ne da kogi ya raba. In naka yana wannan tsallake, mai karɓa yana wancan, sai ka bi ta wani shafi da ake kira gada. Ka haɗa walat ɗinka, wato asusun da kuɗin ke ciki, da shi, ya karɓa nan, ya fitar maka can, ya cire ladansa. Abin da ya tafi kuma ya tafi, babu bankin da za ka je ka yi wa kuka. Shi ya sa dokarmu ta ce gadar da ba mu sani ba, ba a haɗa ta da walat mai kuɗi. Sai a buɗe sabuwa, a zuba ɗan abu, a gwada.

Da hantsi sai ga Alhaji Sule, mai sayar wa manoman rani injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana. Jarinsa na shekara kaf yana cikin walat ɗinsa, kuma dole a biya masu kayan kafin su yi lodi washegari. Muka gaisa har kan jikoki da zafin gari, sannan ya miƙo mini waya.

"Ɗiyata Rabi, yau ba mu bin gadarku mai tsada. Ga wata Alhaji Mamman ya turo mini, ba ta cire ko kwabo."

Na duba shafin. Kyakkyawa ne, har ya fi namu sheƙi, kuma abin da ya sa na yi shakkarsa ke nan. Na ce, "Alhaji, bari in gwada ta da ɗan kaɗan tukuna."

Fuskarsa ta canza. "Ki gwada mi? Shekara talatin muna cin abinci kwano guda da Mamman. In ya ji na sa an auna abin da ya ba ni, da wane ido zan dube shi?"

Nan ne wuyar take. A garin nan, abin da amini ya ba ka, karɓa ake yi da hannu biyu. Ga ni yarinya, sa'ar 'yarsa ta uku, ga shi shi ne babban mai hulɗa da ofishin. Gaskiya na ji tsoro, har na fara tunanin in yi abin da ya ce in huta. Sai na tuna ko na huta yau, in jarin nan ya salwanta ba zan ƙara ɗaga kai a Katsina ba.

Na ce, "Alhaji, ba Alhaji Mamman zan gwada ba. Shi ma turo masa aka yi. Kuma da kuɗina zan yi, ba naka ba. In ta yi kyau, babu wanda zai ji labarin."

Ya yi dariya. "Ke kam taurin kai kika gado. To, ki yi hasarar lokacinki, ni a ba ni shayi."

Na buɗe sabuwar walat, na zuba dala bakwai daga tawa, na haɗa ta da gadar, na tura biyar. Alhaji yana kurɓar shayi yana tsokanata, wai 'yan boko ko ruwan randa sai sun nemi takardar shaida. Minti goma, babu abin da ya fito a ɗaya tsallaken. Minti ashirin, shiru. Na koma walat ɗin, sai na ga har biyun da ban tura ba an share su.

Na juya masa allon, na nuna masa da yatsa. Na ce, "Da taka muka haɗa, haka za ta yi mata."

Ya ajiye kofin a hankali. Ya kalli sifilin nan, ya ce, "Innalillahi. Araha dai ba ta ado."

Na kira Malam Nasiru na ba shi labari, ya ba da izini ta waya, amon masu suna na tashi bayansa. Muka bi gadar da muka saba. Ita ma na fara da kaɗan, masu kayan suka tabbatar sun gani, sannan na tura sauran kashi biyu. Wannan karon Alhaji da kansa yake cewa, "Dakata hwa, bari su amsa."

Kafin ya tashi sai ya kira Alhaji Mamman a gabana. Ashe shi ma yana zaune a shagonsa da waya a hannu, yana jiran a idar da sallar azahar ya tura nasa kuɗin ta waccan gadar ta ɓarayi. Na ji Alhaji Sule yana cewa, "Mamman, kada ka taɓa abin nan. Ka taso ka taho Ƙofar Sauri, akwai wata mai taurin kai da nike so ka gani."

Abin da na koya shi ne, ɓarayin wannan sana'a ba ta hannun baƙo suke shigowa ba, ta hannun wanda kake jin kunyarsa suke bi. Latsa maɓalli kowa ya iya cikin mako guda. Aikin da ake biyanku dominsa shi ne ku iya ce wa babba ya dakata, cikin ladabi, ba tare da kun taɓa mutuncin amininsa ba. Ranar nan da kunya ta ci ni, da gida biyu ne za su shiga azumi babu jari.