Juwan Kilas da Tof Gaskit

Na taɓa kai mota wata ƙasa don a canza wa ciwonta suna. Da hankalina na yi, da furfurata, ba wanda ya tura ni, kuma da na dawo har goro na raba a tasha don murna. A cikin wautar da na yi wadda ake iya faɗa a gaban mutane, wannan ce babba.

Motar katkat ce, mai ja da taya huɗu, mai shan gazuwal, wato man dizal, irin dogayen nan masu taya manne a ƙofar baya. Wani ofishi ne ya fara cin ƙuruciyarta, wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ya ci tsakiyarta, ni kuma aka bar mini tsufan. Ta girmi ɗana na biyu. Da ita nake ɗauko shinkafa daga Tanda, ranar kasuwa kuma in kwashi ƴan kasuwa zuwa Bana. Da damina, idan motocin yaran nan masu gilashi baƙi sun nutse cikin taɓo suna kuka kamar akuya, ni nake zuwa in ja su, ina kallon takalmansu masu tsini ina dariya a cikina.

Allurar da ke nuna zafin inji ta mutu tun shekara uku kafin abin. Ban gyara ba, na ce allura ba ta jan mota. Radiyate, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, shi ma yana yoyo. A tashar garinmu Gaya ta bakin iyaka kuwa ba a rasa masu ba da shawara, mutanen da ko keke ba su da shi amma sun san ciwon kowace mota. Wannan ya ce in zuba garin taba. Wancan ya ce ɗanyen ƙwai ya fi toshe rami. Wani ya rantse da garin kuka. Duka ukun na zuba. Radiyatena ya fi tukunyar gidana cin kayan miya.

Wata rana da tsakar rana, cikin zafin bazara, ina dawowa daga Tanda da buhu goma sha biyu, sai na ji wani wari kamar an manta da tuwo a kan wuta. Na tsaya kusa da wata rijiya, na ɗaga kapo, wato murfin gaban mota, tururi ya buge ni a fuska. Na ari guga a hannun matan da ke jan ruwa, na sheƙa wa injin ruwan rijiya mai sanyi, guga uku. Na ji ya yi wani ƙas! Na ce wa matan ai godiya ce yake yi. Washegari ta tashi da farin hayaƙi, baƙin mai kuma ya koma launin shayi da madara.

Makanikina taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Garejinsa na bayan tasha. Shekara sittin muna zagin juna kamar yadda taubasai suke yi, ba wanda ya taɓa jin haushi. Shi yana ce mini bawansa, ni ina ce masa ɓarawon noti. Ya buɗe murfin radiyate, ya sa na tayar da mota, ruwan ya shiga ɓulɓulowa.

Ya ce, “Bawana, ka dafa ta. Gishiri kawai ya rage.”

Na ce, “Ɓarawo, faɗi abin da za ka sata, ina sauri.”

Ya ce, “Juwan kilas ya ƙone.”

Ya yi mini bayani kamar yana magana da jaki. Kilas shi ne murfin inji na sama, juwan kuma wani faifai ne siriri da ake shimfiɗawa tsakaninsa da jikin injin don kada ruwa da mai da wuta su haɗu. Ya ce faifan kaɗai ba komai ba ne. Ruwan sanyin da na zuba ya lanƙwasa kilas ɗin, sai an kai shi Doso an shafe fuskarsa da inji ta daidaita, a sa juwan na asali, a wanke miyar da na dafa a radiyate, a tayar da allurar zafi. Kwana goma, jikka ɗari da hamsin na sefa.

Ni shekara biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, kuma abin da ya rage mini na Faransanci shi ne amsa suna idan mushe, malaminmu, ya kira. Amma na daɗe da lura cewa duk abin da aka kira da Faransanci kuɗinsa yana hawa. Na ce a raina, wannan juwan kilas suna ne kawai da taubashi ya ɗauko don ya yanke ni.

Na koma tasha na kai ƙara wurin masana. Mai garin tabar nan ya ce, “Alhaji, ka tsallaka iyaka ka je Kamba mana. Can da naira za ka biya, kuma su ba su san wannan iyayin ba.”

Na cika bido, wato jarka, har shida da ruwa na kama hanya. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta ci mini rabin yini, in yi kaɗan in tsaya in shayar da ita kamar mai kiwon raƙumi. A Kamba aka nuna mini wani makaniki ƙato mai fara'a, a gindin bishiya. Shi ma ya buɗe murfin, shi ma ya ga ɓulɓular.

Ya ce, “Alaji, tof gaskit ne.”

Daɗi ya kama ni. Na ce, “Ba juwan kilas ba?”

Ya ce, “Juwan me? Wallahi shekara ashirin ina aikin nan ban taɓa jin shi ba.”

Kuma mutumin bai yi ƙarya ba, shi ya sa har yau ban iya zaginsa yadda nake so. Ya ce gobe da la'asar zan tafi da motata, kuɗin kuma bai kai kashi ɗaya cikin uku na taubashi ba. Ban ji ya ambaci shafe komai ba. Ya cire murfin injin, ya goge shi da tsumma da yashi, ya shimfiɗa wani faifai sabo mai ƙyalli, ya zura dogon bututu a hannun sifana yana taka shi da ƙafa har notin na kuka. Na ce wannan shi ne aiki, ba taubashi ba da ke ɗaure noti da wani kile, sifana mai awo, yana saurare kamar likita. Na roƙi tsohon faifan da aka cire, na naɗe shi a buhu, na dawo gida ba hayaƙi.

Da na tsaya a gida na yi shiru, da abin ya tsaya tsakanina da Allah. Amma na sayi goro na nufi tasha, lokacin da rumfar direbobi ta cika. Taubashi na zaune a kan benci, kusa da wani mai manyan motoci da ke shirin ba shi aikin kamyonsa biyu. Na jefa faifan a tsakiyar tabarma.

Na ce, “Jama'a, ku gani da idonku. An ce mini juwan kilas, jikka ɗari da hamsin. Na je wurin waɗanda suka san aiki, ashe tof gaskit ne kawai. Juwan kilas ɗina lafiyarsa lau, ba a ko taɓa shi ba.”

Wani ya yi dariya ya ce, “Taubasai kun fara.”

Na ce, “Ba wasa nake ba. Wallahi ba wasa nake ba. Ƙarya ya yi mini don ya ci kuɗina.”

Nan ne na ɓata. Taubashi yana iya ce wa taubashinsa ɓarawo daga safe har dare, ba komai. Amma in ka rantse ka cire wasa a ciki, a gaban masu kawo masa aiki, to ka ce masa ɓarawo ke nan da gaske. Ya miƙa hannu ya ɗauki faifan, ya juya shi, ya duba inda ya ƙone, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, “Allah ya sa ta daɗe, Alhaji.”

Tun muna yawo ba wando bai taɓa ce mini Alhaji ba, ko ranar da na dawo daga Makka.

Abin da ke ci mini rai shi ne, rabin mutanen rumfar nan kullum suna tsallaka iyaka, sun san sunan kowane ƙarfe da bakin can da bakin nan. Ba wanda ya buɗe baki. Sun samu kallo kyauta ga goro a kai, me zai sa su ɓata? Mutanen banza. Shi kuwa mai manyan motocin, wanda jahilcinsa ya kai nawa sai dai ya fi ni kuɗi, ya janye kamyonsa ya kai wani gareji.

Kwana goma sha tara ta yi. Ana saura kaɗan mu shiga Bana, da mata ƴan kasuwa bakwai a ciki, ta yi tari ta saki farin hayaƙin da ya rufe hanya, ta mutu. Shanun noma biyu ne suka jawo ta Gaya, ina zaune a sitiyari kamar ango, ana gaishe ni ta taga.

Ko a nan ban gane ba. Na ce tof gaskit ɗin ne mara kyau, bari in sayi wani in nemi wanda zai sa mini, ba sai na bi ta garejin taubashi ba. Na je shagon kayan mota na wani Bayarabe haifaffen Gaya, na ce ya ba ni tof gaskit na katkat. Ya ɗauko wani kwali mai faɗi ya ajiye a kan tebur. Sai shaiɗan ya ce mini in tambayi ɗayan, in ga kamanninsa.

Na ce, “To, juwan kilas fa, kana da shi?”

Ya sa yatsa ɗaya ya ƙara turo mini kwalin nan.

Na ce, “A'a, juwan kilas na ce.”

Ya ce, “Baba, shi ne. Can su ce tof gaskit, nan mu ce juwan kilas. Ga shi ma an rubuta duka biyun a jiki.” Ya nuna mini rubutun, kamar zan iya karantawa. Sai ya dube ni da kyau ya ce, “Au, kai ne na tashar nan?”

Ashe har shaguna labarin ya kai. Na fita ban sayi komai ba.

Kwana biyu ina kewaya garejin kafin na sa aka tura motar ciki. Na shiga da fara'ata na ce, “Ɓarawon noti, ga baiwarka na kawo maka.” Ya tashi ya ba ni kujera, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini ruwa. Da ya zage ni da uwa da uba da ya fi mini sauƙi. Ya cire kilas ɗin, ya ɗora masa wani ƙarfe miƙaƙƙe, ya ce in sunkuya in duba. Haske na wucewa ta ƙarƙashi. Ya juya shi ya nuna mini wata tsaga siririya kamar gashi.

Ya ce, “Da farko lanƙwasa ce, Alhaji, ana shafewa. Yanzu ya tsage. Sai an nemo wani na hannu daga Kotonu.”

Wata ɗaya da rabi ta kwana a wurinsa, kuɗin kuma ya ninka na farko har da ɗori. Bai ƙara ko dala a kan ladan hannunsa ba, ni kuwa na so ya ƙara don in samu abin faɗa.

Yanzu masu tsofaffin katkat suna zuwa neman shawara wurina, wai na ga jiya. Abin da nake gaya musu ba shi da yawa. Allurar zafi ta fi rediyo amfani, a gyara ta. Radiyate ruwa yake sha, ba miya ba. In inji ya yi zafi a kashe shi a nemi inuwa a zauna, kada a ari gugar kowa. In an ce juwan ya ƙone, a sa a auna kilas kafin a rufe, kuma duk makanikin da ka ga ya hau sifana da ƙafa, ka ɗauke motarka ko da a ka ne. Suna gyaɗa kai, su fita su je su sayi garin taba. Na san su, irina ne.

Ranar da zan ɗauki motar, na jira sai da garejin ya zama ba kowa sai mu biyu. Ya tayar da ita, tana kaɗawa sumul, allurar zafi ta tashi ta tsaya a tsakiya. Yana goge hannu da tsumma na matsa kusa da shi, injin na ƙara, na sunkuyar da kai na ce a hankali, “Taubashi, abin nan da ya faru, a yi haƙuri.”

Ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar. Wurin ya yi tsit. Ya ba ni makullin, ya ce, “Alhaji, ranar da ka ce na yi maka ƙarya, har masu wanki a bakin kogi sun ji ka. Wannan kuwa ni da ke tsaye kusa da kai ma ban ji ba.”