Malam Mamuda Wurma, Makiyayin Fitilu

Da hantsin Laraba, 12 ga Maris, 1969, labari ya iske ni a Dutsin-Ma cewa Allah Ya karɓi ranka a Kurfi, Malam Mamuda. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni Audi, abokin aikinka na lantarki a filin jirgin saman Kano, na yi kuka, ban kuma ji kunya ba.

Ranar da ka baro Wurma, mahaifinka Hamma ya ƙi sa maka albarka. Ya ce ɗan da ya bar garke ya bi wayar lantarki ba nasa ba ne. Maganar nan ta daɗe tana cin ranka.

Da aka tashi faɗaɗa hanyar saukar jirage, mu muka haƙa ramuka, muka binne wayoyi, muka jera fitilu dama da hagu, aka huta da kunna aci-balbal. Mu aiki muke yi, kai kuwa kiwo kake. Kowace fitila ka raɗa mata sunan saniya. Kullum la'asar sai ka saɓa sanda ka bi layi, ka goge wannan, ka ɗaure waccan, kana cewa, "Audi, Gudale ba ta jin daɗi yau." Mun yi maka tsiya har mun gaji, muna tambaya yaushe za mu sha nono.

Shekarar da Hamma ya tafi Makka, ko kallonka bai yi ba a filin. Ranar dawowar alhazai hadari ya rufe gari da magariba, amma jirgi ya sauka lafiya tsakanin layi biyu na haske, ba fitila ɗaya a mace. Tsohon ya sauko ya tsaya yana kallo. Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Baba Alhaji, garken Mamuda ke nan."

Ya ce, "Ba wadda ta ɓata?"

Na ce, "Ko ɗaya."

Sai ya dafa kanka gaban jama'a ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana." Ka samu abin da ka fito nema, Mamuda.

Da na je gaisuwar rasuwarka, Alhaji Hamma ya riƙe hannuna ya ce, "Audi, garkensa fa, wa zai duba?" Na ce akwai waɗanda ka koya wa, suna nan suna bin layi.

Allah Ya ba Alhaji Hamma da mai ɗakinka Rekiya da yara haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka. Yadda ka haskaka wa alhazai hanyar gida, Allah Ya haskaka kabarinka.